Kafin Ka Sayi Lufa, Ka Shawarci Ƙafarka

Wani salon kiɗa na ƙara samun karɓuwa a tsakanin ɗalibai masu sha'awar waƙa. Mutum ɗaya ne zai hau dandamali, ba makaɗa, ba 'yan amshi. Ya yi kiɗan ganga da bakinsa, ya taka wani ɗan akwati a ƙasa, sai kiɗan ya ci gaba da maimaita kansa. Ya ɗora jita a kai, ya sake takawa, ya ɗora murya, ya ɗora amshi, kafin ka ankara mutum ɗaya ya zama ƙungiya guda. Wannan ɗan akwatin shi ake kira lufa, wato na'urar da ke naɗar sauti ta riƙa zagayawa da shi.

Idan 'yan uwa suka zauna hirar lufa, abin da nake ji bai wuce sunan kamfani ba, da yawan mintunan da na'urar ke iya naɗa, da yawan layukan sautin da take ɗauka. Ni kuwa ra'ayina shi ne, abin da ya fi cancanta a fara tambaya a kai shi ne makunnin da ƙafa ke takawa. Shi ne mafi arha a cikin kayan duka, shi aka fi rainawa, kuma shi ke yanke hukuncin ko mutum zai sauka ana tafa masa ko ana gunaguni. Abin daɗin kuma, shi ne ɓangaren da mu 'yan kwalejin kimiyya da fasaha za mu iya gyarawa, har mu ƙera da hannunmu.

Me ya sa makunni ya kai haka?

Salon ba sabo ba ne a duniya. Robert Fripp da Brian Eno sun yi irinsa da rikodar kaset mai faifai guda biyu, suka fitar da kundi a 1973. Kamfanin Boss na Japan ya fito da RC-20 a 2001, abin ya sauko ƙasa inda ƙafa za ta kai. A 2004 mawaƙiyar nan 'yar Scotland, KT Tunstall, ta yi waƙa ita kaɗai da jita da lufa a shirin Jools Holland na talabijin ɗin BBC, kuma daga nan tauraronta ya haska. A 2015 Ed Sheeran ya cika filin wasa na Wembley dare uku, shi kaɗai da jitarsa da lufarsa. Mu ma nan ba baƙi ba ne ga mawaƙi shi kaɗai. Marigayi Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa kawai ya riƙe jama'a shekara da shekaru. Bambancin shi ne mai lufa ya ɗauki ɗan amshi na ƙarfe, wanda ba ya gajiya, ba ya mantuwa, kuma ba ya rufa asiri.

A nan gizo ke saƙar. Ɗan amshi mutum, in ka yi tuntuɓe zai tare maka, ya ja kari ya rufe ɓarakar. Lufa kuwa duk abin da ka ba ta shi za ta dawo maka da shi, sak, a kowane zagaye. Kuma hannuwanka biyu suna kan jita, bakinka na kan makirufo. Hanya ɗaya tak da kake magana da ita ita ce tafin ƙafarka. Ke nan makunnin nan kayan kiɗa ne, kamar yadda maɗaurin kalangu yake ga makaɗi.

Abu biyu nake nema a wurinsa: ya yi shiru, ya kuma ji magana nan take.

Maganar shiru

Yawancin ƙananan akwatunan canza sautin jita suna zuwa da wani makunnin ƙarfe mai ƙafafu tara a ƙasa, wanda in ka taka sai ya ce ƙwas! An yi shi ne don ya karkatar da sautin jita daga wannan hanya zuwa waccan, ya kuma kunna 'yar fitila. A wurin mai jitar lantarki da ke tsakiyar makaɗa, ga ganguna na rugugi, wannan ƙwas ba komai ba ne. Amma mai lufa da makirufo a buɗe, a zauren da aka yi tsit ana sauraro, labari ya sha bamban.

Ka lura da yadda abin ke faruwa. Ka taka don a fara naɗa. Na'ura ta fara ɗauka. Sannan ka ɗaga ƙafa, sifirin ɗin ciki ya dawo da ƙarfi, ƙarfe ya bugi ƙarfe. Wannan ƙarar ta ɗagawa ta riga ta shiga cikin abin da aka naɗa. Ba ta iska kaɗai take bi ba, tana bin katakon dandamali ta hau sandar makirufo. Mu yi lissafi: in zagayenka na sakan 4 ne, waƙar kuma minti 3 ce, ƙwas ɗin nan zai fito sau 45. In ka ɗora layi huɗu, kowanne da nasa ƙwas, to ka samu sabon makaɗi wanda ba ka gayyata ba. Masu karanta waƙar baka da masu kiɗa da baki su abin ya fi shafa, domin su makirufo ne jarinsu gaba ɗaya.

Akwai ƙara ta biyu, wadda ba ta ƙarfe ba ce, ta lantarki ce. Wani sa'in in ka taka sai ka ji sifika ta ce ɓum. 'Yan sashen lantarki sun san dalili: wata kafasita ce a kan hanyar sauti ta tara 'yar wuta, makunni ya haɗa ta bagatatan, wutar ta zube cikin amfilifaya. Maganin da masu haɗa irin waɗannan akwatuna suka saba yi shi ne a sa rizisto mai ƙarfin miliyan ɗaya daga wannan wurin zuwa ƙasa, don wutar ta riƙa tsiyayewa a hankali. Amma abin lura shi ne, makunnin da kake jonawa lufa daga waje ba ya ɗaukar sauti ko kaɗan. Saƙo kawai yake kai wa ƙwaƙwalwar na'urar: fara, tsaya, goge. Tunda haka ne, me za ka yi da mai ƙafafu tara da taurin kai? Ɗan makunni mai laushi mai ƙafa biyu ya ishe ka.

Maganar jin magana

Wannan ta fi ta farko wuyar ganewa, domin ba a jin ta da kunne kai tsaye, sai dai a ji waƙa tana ɗingishi. Bari mu yi amfani da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan. In kiɗa na tafiya da bugu 120 a minti, kowane bugu milisakan 500 ne. A ce zagayenka bugu 8 ne, sakan 4 cif. Makunni ya yi maka nawa wajen rufewa, ya ƙara milisakan 40. Ba wanda zai ce ya ji milisakan 40. To amma in kana tare da mai ganga, ko akwai kiɗan fiyano da ke tafiya a gefe, bayan zagaye 10 ka yi baya da milisakan 400, kusan bugu guda cur. In kuma kai kaɗai ne, a kowane ƙarshen zagaye za a ji wani ɗan gurbi, kamar mai tafiya da takalmi ƙafa ɗaya. Masu rawa su ne farkon ganewa.

Jinkirin nan iri biyu ne. Akwai mai tsayayyen hali, kullum adadi ɗaya. Shi tsawon zagaye ba ya ɓaci, sai dai yana fille kan bugun farko, domin an fara naɗa bayan sautin ya riga ya fito. Akwai kuma marar tabbas, yau kaɗan gobe da yawa, shi ne ke lalata tsawon zagayen kansa. Na farkon ƙafa na iya sabawa da shi. Na biyun kuwa ko shekara ka yi kana atisaye ba za ka koye shi ba.

Daga ina jinkirin ke zuwa? Na farko, nisan tafiyar makunnin da taurinsa. In sai ka danna da dukkan nauyinka kafin ya haɗa, to tsakanin niyya da aiki an samu tazara, kuma tazarar za ta canza gwargwadon takalmin da ka sa da gajiyar da ka yi. Na biyu, wasu na'urorin ba sa aika saƙo lokacin da ka taka, sai lokacin da ka ɗaga ƙafa, saboda suna jira su ga ko taku biyu za ka yi ko dannewa za ka yi. Don sauya sauti wannan ba laifi, don naɗa kuwa masifa ce. Na uku, haɗin Bluetooth. Yana da daɗi a ce ba waya a ƙasa, amma yana ƙara jinkiri, kuma ba tsayayye ba. Kwatanta shi da tsohuwar wayar MIDI, wadda tun 1983 ake amfani da ita: tana tura bit 31,250 a sakan, saƙo guda na kaiwa cikin kusan milisakan 1. Ko sautin da ke tafiya a iska yana cin kusan milisakan 3 a kowace mita. Ke nan tazarar da ke tsakaninka da sifika ta fi wayar jinkiri.

Na huɗu shi ne wanda nake so 'yan uwana masu rubuta manhaja su buɗe kunne su ji. Duk makunnin ƙarfe, in harsunansa biyu suka haɗu, ba sa zama lokaci guda. Sai sun ɗan yi tsalle-tsalle na 'yan milisakan, suna haɗuwa suna rabuwa. Ƙwaƙwalwar na'ura da saurinta sai ta ƙirga taku ɗaya a matsayin uku ko biyar. A lufa kuwa taku biyu a jere na iya nufin tsaya. Dole a yi maganin wannan tsallen. To misalin da ke zuwa cikin manhajar Arduino, wanda kusan kowa ke kwafa, yana jira ne sai makunni ya natsu na milisakan 50 kafin ya yarda an taka. Don kunna ƙwan fitila, madalla. Don kiɗa kuwa, ka zuba wa kanka jinkirin milisakan 50 da hannunka. Gyaran bai fi layi biyu ba: da zarar an ji haɗuwar farko a aika saƙo nan take, sannan a toshe kunne na ɗan lokaci har tsallen ya wuce. Aiki ɗaya, kaya ɗaya, tunani ne kawai ya bambanta.

Tarkon da ke kasuwa

Kafin ka miƙa kuɗin da ka tara daga alawus ɗin SIWES, ka san cewa makunnin ƙafa kala biyu ne, kuma a ido kamarsu ɗaya. Akwai mai maƙalewa, kamar na fitilar ɗaki, in ka taka ya zauna a kunne sai ka sake takawa. Akwai mai sakewa, kamar na ƙararrawar ƙofa, yana haɗe ne kawai muddin ƙafarka na kai. Lufa mai sakewa take so. A wurin Boss, FS-5U shi ne mai sakewa, FS-5L mai maƙalewa. Harafi ɗaya ne tsakaninsu. In ka jona mai maƙalewa, na'urar za ta ɗauka ka danne ne ba ka ɗaga ba, kuma a lufofi da yawa dannewa na nufin a cire layin ƙarshe ko a share komai. Ka ga an yi ba a yi ba.

Sai batun juyi. Wasu makunnan a buɗe suke sai an taka su haɗe, wasu a haɗe suke sai an taka su buɗe. Masu fiyano sun san wannan, domin fedar Yamaha in ka sa ta a Casio sai ta yi aiki a juye. A lufa, juyin na nufin za ta amsa lokacin ɗaga ƙafa maimakon lokacin takawa, kai kuma kana can kana zargin kanka. Nemi wanda ke da ɗan maɓallin sauya juyi a jikinsa, ko ka tabbatar da irin da na'urarka ke so. Ka kuma dubi bakin wayar: mai baƙin zobe ɗaya makunni ɗaya yake ɗauka, mai zobe biyu shi ke ɗaukar makunni biyu a rami guda.

Shawarata ga mai saye, ko a Sabon Gari ta Kano ne ko a Alaba ta Legas ko a hannun wani ɗalibi da zai kammala, ita ce kar ya yarda da kwali. Gani ya kori ji. Ajiye wayarka a ƙasa kusa da makunnin, ka kunna rikoda, ka taka sau ashirin, ka saurara da abin kunne. Abin da ka ji shi makirufo zai ji. Ari mitar gwajin lantarki, ka sa ta a inda take ƙara in waya ta haɗu, ka taka a hankali ka ga a wane mataki take amsawa, kuma ko kullum a wuri ɗaya ne. Taka sau biyu da sauri ka ga ko yana dawowa a kan lokaci. Ka gwada da irin takalmin da za ka hau dandamali da shi. Yawancinmu silifas ne ko sandal, wasu ma ba takalmi suke wasa, kuma ɗan ƙaramin kan ƙarfen nan mai tsini an yi shi ne da tunanin mai takalmi sau-ciki. Faffaɗan mataki ya fi, ko a duhu ƙafa za ta same shi. A ƙarshe ka ɗora shi a kan tayil ka taka. In yana gudu, to a tsakiyar waƙa za ka koma farautarsa.

Kar kuma a manta da ƙura. Lokacin hunturu ba abin da take bari. In ta shiga tsakanin harsunan makunni sai ya fara amsawa yau, gobe ya yi kunnen uwar shegu. A riƙa rufe shi in an gama, a wanke shi da maganin feshi na kayan lantarki, ba man keke ba, domin mai ƙura yake tarawa.

Abin da masu ja za su ce

Na san akwai masu cewa gwanin gaske ba ya kuka da kayan aiki, atisaye ne magani. Da gaskiyarsu, rabi. Ba makunnin da zai ba marar kunne kunne, kuma wanda bai iya riƙe kari ba ko na zinare aka ba shi sai ya ɓata. Amma atisaye a kan abin da ba shi da tabbas ɓata lokaci ne. Ɗalibin da ke fama da makunni marar hali zai ƙare yana tunanin shi ne bai iya ba, ya jingine jitar, alhali laifin na wani ɗan sifirin ne. Wannan asarar ita ta fi damuna, domin na ga masu baiwa da suka karaya a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Wasu kuma za su ce suna son ƙwas ɗin, shi ke tabbatar musu sun taka. Wannan hujja ce mai ƙarfi. Makunnin da ya cika laushi har ba ka sanin ya haɗa shi ma matsala ne. Amma tabbacin nan ƙafa ce ke buƙatarsa, ba zaure ba. Ana iya samun makunnin da tafin ƙafa zai ji ya kai ƙasa, ido ya ga fitila ta canza, ba tare da na layin baya ya ji komai ba.

Akwai masu cewa ai sababbin lufofi suna daidaita zagaye da kansu, su ja takunka zuwa bugu mafi kusa. Haka ne, in kana bin kiɗan da ke cikin na'urar. Ranar da za ka bi mai kalangu, ko ka ja waƙa yadda zuciyarka ta so, wannan gatan ya ƙare, daga kai sai ƙafarka. Kuma ba na'urar da za ta cire ƙwas da ya riga ya shiga makirufo.

Masu cewa wannan hirar 'ya'yan masu kuɗi ce kuwa, su ne suka fi ba ni mamaki. Akasin haka ne. Lufa ta kamfani tana da tsada, balle yadda canji ya koma. Amma akwai manhajojin lufa a waya da kwamfuta, abin da ya rage wa talaka shi ne abin takawa. Fedar fiyano ta gama-gari, wadda ake samu a duk shagon kayan kiɗa, makunni ne mai sakewa, faffaɗa, kuma da yawansu ba su da hayaniya. Allon Arduino Leonardo ko Pro Micro, masu ƙwaƙwalwar ATmega32U4, suna iya bayyana wa kwamfuta a matsayin na'urar MIDI ta wayar USB kawai. Haɗa biyun, ka samu abin da wani ya biya kuɗi masu yawa a kai.

Kira ga sassanmu da ƙungiyarmu

Wannan ya kawo ni ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kowace shekara ɗaliban ND da HND suna gabatar da ayyukan kammalawa, kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, da yawa maimaici ne: na'urar auna ruwan tanki, fitilar titi mai kunna kanta, ƙararrawar ɓarawo. A kare su gaban malamai, a jefa a sito, ƙura ta ci. Ga aiki nan a gabanmu mai masu saye a cikin makarantar nan, da situdiyoyi da majami'u da ƙungiyoyin makaɗa a cikin gari.

Kuma aiki ne da zai haɗa sassa. Ɗan injiniyan ƙere-ƙere ya zana faffaɗan mataki mai gajeriyar tafiya, ya sa roba ko tsumma mai kauri a inda ƙarfe ke bugun ƙarfe, sama da ƙasa, tunda mafi yawan ƙarar daga nan take. Tsohon tib na taya ma ya isa. Ɗan lantarki ya gwada maye gurbin harsunan ƙarfe da maganaɗisu da 'yar na'urar da ke jin kusantowarsa, ko da hasken da mataki ke tarewa. Ba abin da ke taɓa wani, saboda haka ba tsalle, ba ƙwas, kuma ana iya rufe shi ruf ƙura ba ta shiga. Ɗan kwamfuta ya rubuta manhajar da ke amsawa a haɗuwar farko. Sannan a kai ɗakin gwaji a auna da osiloskof, a rubuta milisakan nawa ne tsakanin taku da saƙo, a gwada sau ɗari a ga ko adadin na canzawa. Wannan shi ne aikin injiniya: ka auna, ka gyara, ka sake aunawa.

Ga shugabannin ƙungiyar ɗalibai kuwa, musamman daraktan walwala, roƙona bai da tsada. In za a yi hayar kayan sauti don daren nishaɗi, a sa shimfiɗar roba a gaban dandamali, a raba gindin sandar makirufo da inda ake takawa. A ajiye feda ɗaya ko biyu na ko-ta-kwana. A ba mai lufa minti goma ya gwada kayansa kafin a buɗe ƙofa, ba a tura shi sama yana jona wayoyi jama'a na ihu ba. In da hali, a shirya gasa tsakanin sassa: wa zai ƙera makunnin da ya fi shiru, ya fi saurin amsawa? Alƙalan su zama mawaƙanmu, maza da mata, su taka su faɗi abin da ƙafarsu ta ji.

Wanda ke shirin saye a wannan zangon, ya ware wani abu daga kuɗin lufar ya ajiye wa makunni, ya kuma je kasuwa da takalmin wasansa da wayarsa. Wanda ke neman taken aikin kammalawa, ga shi na ba shi kyauta. In kun ƙera, ku kawo mu taka.